Amsa: Ƙaramin jari a harkar auduga

Malam, ka ce kana son shiga harkar auduga amma injin gurza ya fi ƙarfin aljihunka. To, ka duba angurya, wato ƙwayar auduga. Masu gurza a Funtuwa da Gusau suna sayar da ita. A matse mai daga cikinta, ƙulin da ya rage kuma makiyaya na rububinsa da rani.

In za ka saya, ka ciji ƙwaya: ta yi ƙaras, ta bushe ke nan. Na taɓa jibge buhu 20 a ɗaki mai danshi, duk suka yi fumfuna, har yau abin na yi mini ciwo.

Kada ka sayar da ɗanyen man don girki, akwai gubar gosifol a ciki sai an tace. Ƙulin ma, saboda wannan gubar, ba a ba kaji da 'yan maruƙa shi da yawa. Ka nemi shawarar IAR Samaru, cibiyar binciken aikin gona da ke Zariya, rajistar man kuma sai NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.