Amsa: Daga ina kalmar "sata" (100) ta Finlanci, harshen ƙasar Finland, ta fito?

Malam, ka tambaya ko "sata" asalin Finlanci ce, tunda ka ganta a harshen Ingiriya ma, wani ƙaramin harshe ɗan uwan Finlanci a Rasha. A'a, aro ce, amma tsohon aro ƙwarai. Kakannin masu waɗannan harsuna sun karɓo ta daga harsunan Indo-Iran shekaru dubbai da suka wuce. Duba "śata" a Sanskirit (tsohon harshen Indiya) da "sad" a Farisanci. Shi ya sa take ko'ina a danginsu: Istoniyawa na cewa "sada", mutanen Hangari "száz". Kamar dai yadda mu ma muka aro "ashirin" da "talatin" daga Larabci.

Wajen amfani ne ake tuntuɓe. Ɗari biyu "kaksisataa" ne, da "a" biyu a ƙarshe, domin abin da ya biyo lamba sama da ɗaya yakan sauya siffa. A mallaka kuma "t" ta koma "d": "sadan". Takardar kuɗi ta 100 "satanen" suke ce mata.

Ingiriyanci kuwa tsofaffi ƙalilan ne suka rage da shi, a yammacin birnin Sant Pitasbag, kuma su ma "sata" suke cewa. Kada ka yi dariya, ba ruwanta da ɓarawo!