Yaya zan sa mutanen unguwa su shiga zanen bango?

Ɗan'uwa, ka ce ka yi kwana huɗu kana zane a katangar layinku, amma mutane wucewa kawai suke yi, yara kuma sun fara gurza shi da gawayi. A ganina matsalar ita ce ka gama komai kai kaɗai, ba ka bar musu gurbi ba.

Dubi abin da wata mai zane, Candy Chang, ta yi a New Orleans ta Amurka a 2011. Ta shafe bangon wani kango da baƙin fenti irin na allo, ta rubuta farkon jimla ɗaya sau da yawa: "Kafin in mutu ina son in...", ta ajiye alli. Washegari bangon ya cika da rubutun masu wucewa. Daga baya an kwaikwayi abin a ƙasashe fiye da 70. Mutum ba ya ɓata bangon da hannunsa ke ciki.

To ka bar fili a ƙasa, daidai tsayin yara, ka ajiye alli, ka yi tambaya gajera da kowa zai iya amsawa. Yaran nan masu gawayi su za ka fara gayyata.

Kuskuren da na fi gani shi ne farawa ba izinin mai katanga da mai unguwa. Zanen mutum ma yakan jawo gardama a wajenmu; dagi da sauran adon gine-ginen gargajiya sun fi samun karɓuwa.

Idan katangar tana jan danshi, nemi ƙwararren mai fenti ya duba ta kafin damina. Idan ta gwamnati ce, sai da takardar izini a hannu.