Amsar tambayarka kan tuta da taken ƙasa

Wa'alaikumus salam, ɗana. Saƙonka ya iso ni, sau biyu na karanta shi. Ka ce tun kana firamare ake sa ku miƙewa tsaye idan an buga taken ƙasa, ba wanda ya taɓa gaya maka mafarin abin, kuma kana mamakin yadda ƙyalle mai launi ya zama abin da mutum ke ba da ransa a kai. To, al'adar nan a yadda muka san ta yau ba ta kai shekara ɗari uku ba.

A Turai ta da, mutum talakan sarki ne kawai. Tuta ta sarki ce, yaƙi na sarki ne, ƙasar ma gadonsa ce. A 1662 da sarkin Ingila Charles na 2 ya auri gimbiyar Fotugal, sai aka haɗa masa da garin Bombay na Indiya cikin kyautar aure, ba wanda ya nemi jin ta bakin mazaunansa.

Amurkawa sun ɓalle daga Ingila a 1776, amma a ganina Faransa ce ta haifi al'adar da kake tambaya. Ran 14 ga Yuli, 1789, mutanen Paris suka fasa kurkukun Bastille. Fursunoni bakwai kacal suka tarar a ciki, sai dai kwarjinin sarauta ya riga ya zube. Daga nan aka haɗa shuɗi da ja, launukan birnin Paris, da fari na gidan sarauta, mutane suna maƙala su a hula kafin su zama tuta. A 1792, ana shirin yaƙi da Ostiriya, wani hafsan soja mai suna Rouget de Lisle ya tsara waƙar zuga a Strasbourg. Masu sa kai daga Marseille suka shigo Paris suna rera ta, shi ya sa ake ce mata Marseillaise, kuma a 1795 aka mai da ita taken ƙasa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne fagen daga na Valmy, cikin Satumban 1792. Sojojin da iyayensu suka saba cewa ran sarki ya daɗe, a wannan rana ƙasa suka yi wa kirari. Bayan wata huɗu aka fille kan sarkin Faransa Louis na 16. Ni dai fahimtata, miƙewar da ake yi wa sarki ita aka ɗauke aka ba ƙasa.

Ka san wuta ba ta tsayawa inda aka kunna ta. Bayin Haiti sun ji ana maganar 'yanci, suka ce har da su, suka kafa ƙasarsu a 1804. Ana ba da labarin cewa jagoransu Dessalines ya yage farin da ke tsakiyar tutar Faransa, aka ɗinke shuɗin da jan. Mamayar Napoleon kuwa ta farkar da Jamusawa. An yi bore ko'ina a Turai a 1848 aka murƙushe shi, amma Italiya ta haɗe a 1861, Jamus a 1871.

Kada ka ɗauka duk alheri ne. Kishin ƙasa ne ya sa Gavrilo Princip ya harbe yariman Ostiriya a Sarajevo a 1914, ka kuwa san abin da ya biyo baya, wato Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Makamin da Turawa suka ƙera, da shi aka kore su. Indiya ta karɓi 'yanci a 1947. A Accra ta ƙasar Ghana kuma, tsakar daren 6 ga Maris, 1957, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga mai baƙin tauraro, wadda Theodosia Okoh ta zana, Nkrumah yana tsaye gaban dubban mutane.

Ka gaida min mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe.