Ana samun kuɗi a fitowar cikon benci a fim?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wanda ake sakawa cikin taron jama'a a fim yana samun abin kai wa bakin salati. Na yi shekara uku ina wannan harka a Kano, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Kuɗi dai babu. Galibi kuɗin mota ne da shinkafa da wake a leda, wani lokacin ma sai "Allah ya saka" kawai. A Zoo Road muke yini, bakin ofisoshin furodusoshi, muna jiran a ce gobe akwai lokeshan, wato fita wurin ɗaukar fim.

Fitowata ta farko a matsayin dogari ce. Aka naɗa mini rawani ja da kore tun hantsi, na tsaya a rana har la'asar, maganata ɗaya tak: "Gyara kimtsi!" Sau bakwai darakta yana cewa a sake, don idona ba ya barin kyamara. Da fim ya fito na tara 'yan gidanmu kaf, ashe kafaɗata kaɗai aka nuna. Har yau ƙanwata "Kafaɗa" take kirana.

In kana so da gaske, ka fara yin rajista da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ka kuma riƙe sana'arka ta yau da kullum. Ka je da kayan sawa kala biyu, kuma kada ka aske gemu kafin a gama ɗauka, don sau da yawa ana komawa a ƙarasa fitowa ɗaya bayan mako guda.