Tambaya da Amsa: Sayar da wasan Kanada da Denmark aka yi a gasar hoki ta duniya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A Rasha na yi karatu, a can na saba da kallon hoki na ƙanƙara, da na dawo gida ƙanina ya koyi kallon a wurina. Ashe ya shiga caca ta waya ban sani ba. A watan Mayun 2025 ya ɗora kuɗin rajistarsa na makaranta a kan Kanada za ta doke Denmark a gasar duniya, sai Denmark ta ci 2-1. Tun daga ranar ya kafe cewa sayar da wasan aka yi. Akwai wani a WhatsApp da ke ce masa haka ake yi a gasar tun zamanin Tarayyar Sobiyet, kuma idan ya biya zai riƙa faɗa masa wasannin da aka shirya. Hankalina a tashe yake, mahaifiyarmu ma ba ta sani ba. Shin da gaske tarihin gasar ya nuna haka?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya yaye maka wannan damuwa, ya shirya mana ƙannenmu. Tun da ka san wasan, ba zan tsaya bayanin dokokinsa ba.

Ba sayar da wasan aka yi ba. A Herning aka buga shi, a gidan Denmark, gaban mutanenta, a zagayen kwata fainal, inda wanda ya faɗi ya fita ke nan. Kanada ce ma ta fara ci a zango na uku, wato na ƙarshe. Saura minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi Denmark ta cire golanta ta ƙara ɗan gaba, Nikolaj Ehlers ya farke. Saura ƙasa da minti ɗaya Nick Olesen ya ƙara ta biyu. Duk daren golansu Frederik Dichow yana ta tare faifan, wato ƙwallon hoki, da hannu da ƙafa da ƙirji. Wanda aka saya ba ya jira sai saura minti biyu, kuma ba a sayen taurarin Kanada irin su Sidney Crosby da Nathan MacKinnon, waɗanda albashinsu a shekara miliyoyin daloli ne, don su kunyata ƙasarsu a idon duniya.

Abin da ya cinye kuɗin ƙaninka wani kuskure ne da nake cin karo da shi kusan kullum, har na gaji da gyara shi. Mutanenmu suna jin an ce "gasar duniya" sai su ɗauka irin Kofin Duniya na ƙwallon ƙafa ce, wanda ake tsayar da kowace gasa saboda shi, kowace ƙasa ta kwaso gwanayenta kaf. Gasar IIHF, wato hukumar hoki ta duniya, ba haka take ba, kuma ba ta taɓa zama haka ba. Duk shekara ake yin ta, a watan Mayu, daidai lokacin da ƙungiyoyin NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, ke tsakiyar neman kofinsu na Stanley. Ƙungiyoyi 32 ne a NHL, 16 ke shiga wannan zagaye, kuma ba wanda zai saki ɗan wasansa ya tafi Turai alhali yana neman kofi. Waɗanda aka kora ne ke zuwa, su ma sai wanda ya ga dama. Wani yana jinya, wani kwantiraginsa ya ƙare yana tsoron rauni, wani ya gaji bayan wasa sama da 80. A makon da Denmark ta doke Kanada, babban tauraron Kanada Connor McDavid yana can yana buga wa ƙungiyarsa Edmonton wasa da Dallas. Shi kansa Ehlers sai da aka fitar da ƙungiyarsa Winnipeg sannan ya hau jirgi ya iso, gasar ta riga ta yi nisa. Saboda haka rigar Kanada ta bana da ta bara suna ɗaya ne kawai, mutanen ciki daban. Wanda ya ɗora kuɗi a kan sunan ƙasa bai san ma su wa ke cikin rigar ba.

Kuma wannan abu tun daga tushe yake. An kafa hukumar a Paris a 1908, ƙasashen Turai ne zalla. Gasar da ake ƙirgawa a matsayin ta farko ita ce ta Olamfik ta 1920 a Antwerp, wadda Kanada ta ci da kulob guda, Winnipeg Falcons. Shekaru da dama haka Kanada ke yi, ta ɗauki kulob na 'yan dagaji ta sa masa rigar ƙasa, yana kuma isarta: a Chamonix a 1924 Toronto Granites sun ci 110, an ci su 3 kacal. Amma tun a lokacin ana yi mata ba-zata, Amurka ta karɓe kambun a 1933, Birtaniya a 1936. A 1954 Tarayyar Sobiyet ta shigo karon farko a Stockholm, ta lallasa wakilan Kanada, East York Lyndhursts, da ci 7-2. Daga 1961, lokacin da Trail Smoke Eaters suka ci, Kanada ba ta sake ɗaukar wannan kofi ba sai 1994. Shekara 33 ke nan, ga ƙasar da ƙaninka ya ɗauka ba a iya kayar da ita.

To, maganar da wancan maƙaryaci na WhatsApp ke yi kan zamanin Sobiyet. Lallai akwai rigima, amma a fili aka yi ta, ba a ɓoye ba, kuma ba ta da alaƙa da sayar da wasa. Doka ta hana ƙwararru masu cin albashi shiga. 'Yan wasan Sobiyet kuwa a takarda sojoji ne ko ma'aikata, musamman na kulob ɗin soja CSKA Moscow, a zahiri ba su da aikin da ya wuce atisaye shekara gaba ɗaya. Da haka suka ci gasar sau tara a jere, daga 1963 zuwa 1971. Kanada ta nemi a bar ta ta kawo ƙwararrunta, aka amince da 'yan kaɗan, aka kuma janye amincewar, sai ta yi fushi ta fice a 1970, har ta haƙura da karɓar baƙuncin gasar ta shekarar, aka mayar da ita Stockholm. Ba ta dawo ba sai 1977, bayan an buɗe ƙofa ga kowa. Shi ya sa nake jin haushin masu jera lambobi suna cewa Sobiyet na da zinare 22, Kanada 28, saboda haka wance ta fi wance. Lambobin gaskiya ne, amma ba a fili ɗaya aka tara su ba.

Idan ana neman inda siyasa ta shiga gasar da gaske, ga Czechoslovakia. Sun ci a 1947 da 1949. A 1950 suna shirin tafiya Landan kare kambunsu, gwamnatinsu ta hana su, ta kama da dama daga cikinsu bisa zargin shirin gudu. Gola Bohumil Modrý shekara 15 aka yanke masa. A 1969 kuma, watanni bayan tankokin Sobiyet sun shiga Prague, suka doke Sobiyet sau biyu a Stockholm, 2-0 da 4-3, jama'a suka cika tituna, har aka farfasa ofishin kamfanin jirgin Aeroflot. Mutanen da suka sha ɗauri saboda hoki, yau wani ya zauna a ɗaki da waya ya ce tarihinsu duk shiri ne, don ya karɓi dubu biyar a hannun yaro. Wannan abu yana ɓata mini rai ƙwarai.

Ko a inda gwanaye suka haɗu kaf, suna bai taɓa ba da tabbas ba. A 1972 taurarin NHL suka yi wasa takwas da Sobiyet, mutanen Kanada na ganin za su share su. Wasan farko a Montreal aka ci su 7-3, kuma sai da aka kai wasa na takwas a Moscow, saura daƙiƙa 34, Paul Henderson ya cece su. A 1981 Sobiyet ta ci Kanada 8-1 a wasan ƙarshe na Canada Cup. A Nagano a 1998, karon farko da NHL ta saki 'yan wasanta zuwa Olamfik, Jamhuriyar Czech ce ta ɗauki zinare da golanta Dominik Hašek, Kanada ko tagulla ba ta samu ba. Ka san yadda hoki yake: ƙwallaye kaɗan ne, faifan kan bugi ƙafar wani ya canza hanya, gola ɗaya idan ranarsa ce ya ishi ƙasa guda. Ga kuma ƙasashen Turai da ke zuwa da 'yan wasan da suka daɗe tare. Finland ta ci gasar 2019 a Bratislava, ta doke Kanada 3-1, alhali kusan duk tawagarta daga ƙungiyoyin Turai take. Latvia ta doke Amurka ta ɗauki tagulla a 2023, har aka ba da hutu a ƙasar.

Game da mutumin WhatsApp ɗin, ka tambayi ƙaninka abu ɗaya: wanda ya san sakamakon wasa tabbas, me zai yi da 'yan canjin ɗalibi? Dabararsu tsohuwa ce. Rabin mabiyansu a ce musu wannan ƙasa za ta ci, rabi a ce musu ɗayar. Waɗanda suka dace su yi ta yabo suna kawo abokai, waɗanda suka faɗi a ce musu an canza shiri a minti na ƙarshe, su ƙara kuɗi a ba su na gaskiya. Maganar "an sayar" ita ce igiyar da ke riƙe yaro, don muddin ya yarda akwai sirri, zai ci gaba da neman mai sayar masa da shi. Hukuncin caca kuwa ba sai na faɗa muku ba, tare da giya Alƙur'ani ya ambace ta a Suratul Ma'ida, kuma kuɗin rajistar nan gumin wani ne a gidanku.

Kada ka tsaya gardamar ƙwallo da shi, kada kuma ka kunyata shi gaban mutane. Ku zauna ku biyu, ku kalli mintuna ukun ƙarshe na wasan Herning, ka nuna masa jerin 'yan wasan Kanada na 2023 da na 2025 ya ƙirga sunaye nawa suka maimaitu. Sannan a gabanka ya fita daga guruf ɗin, ya goge manhajar, ya rufe asusun. Idan za ka taimaka da kuɗin rajistar, ka biya makarantar da kanka, kada ya bi ta hannunsa. Ka kuma tambaye shi a hankali ko ya ci bashi a wani wuri, domin yawancinsu ba sa faɗar wannan sai masu bashin sun zo ƙofar gida.