Kyautar kamara ga mai sha'awar ɗaukar hoto: a fara duba gilashin da yake da shi

Tambaya: Ƙanena yana ɗaukar hoto don sha'awa, shekara uku ke nan, da Canon 2000D da gilashin da ta zo da shi. Ya fi ɗaukar hawan sallah, kokowa da bukukuwan dangi nan Maraɗi. Kullum kukansa dawakai na fitowa dishi-dishi, hoton dare kuma ba kyau. Ina son in saya masa wadda ta fi ta. Wace zan saya?

Amsa: Ƴar'uwa, Allah ya saka da alheri. Tun da Canon ce a hannunsa, ki tsaya kan Canon. Kowane kamfani da irin bakin da gilashinsa ke ɗaurawa, gilashin Canon ba ya hawa Nikon ko Sony kai tsaye, kuma hannunsa ya riga ya saba da inda maɓallai suke.

Koke biyu ya kawo, kuma maganinsu daban ne. Na dare laifin gilashi ne, wanda masu hoto ke kira objektif. Nasa 18-55mm ne, in an zuƙo shi ƙarshe buɗewarsa ba ta wuce f/5.6 (in lambar f ta yi girma, hasken da ke shiga sai ya ragu). Akwai EF 50mm f/1.8 STM, ƙarami mai sauƙin kuɗi, da ke shigar da haske kusan ninki 10 na wancan. A wurin biki bayan magariba, ƙarƙashin ƙwan lantarki ɗaya ko biyu, bambancin a fili yake: fuskar amarya ta fito tas, bayanta ya yi laushi. Ko ba ki sauya kamarar ba, wannan kaɗai kyauta ce da zai ji a hotunansa tun ranar farko.

Na dawakai kuwa, a nan kamarar kanta ta gaza. Dokin da ya zaburo yana son saurin ɗauka na 1/1000 na daƙiƙa, wannan 2000D za ta iya. Inda take kasawa shi ne bin abin da ke gudu: wuraren saitinta, wato inda take kama abu ya fito tas, 9 ne kawai, kuma hoto 3 take ɗauka a daƙiƙa. Kafin ta kama mahayi ya wuce, ko ɗan kokowa ya riga ya kai abokin karawarsa ƙasa.

Zaɓi biyu muke ba ki. Na farko EOS R10 ta 2022, marar madubi a ciki, mai ɗaukar hoto 15 a daƙiƙa, tana gane idon mutum ta bi shi da kanta. Sai dai bakinta RF ne, dole ki haɗa da adaftar EF-EOS R kafin tsohon gilashinsa ya hau. Batirinta LP-E17 ba ya kai hoto 500, kuma na 2000D ba ya shigarta, don haka ki sayi na biyu, ko ma na uku, saboda ɗauke wuta lokacin zafi. Na biyu EOS 90D ta 2019: hoto 10 a daƙiƙa, wuraren saiti 45, gilashinsa zai hau ba adafta, caji ɗaya na kai wa hoto 1,300. Ta fi nauyi, amma jikinta ya fi tare ƙura. Mu dai R10 muka fi so masa, don kan masu bakin RF kamfanin ya mayar da hankali tun 2018. In kuwa yana yawan fita Tibiri ko tafkin Madarunfa ya yini babu wurin caji, 90D ta fi masa.

Ki kiyayi M50 da ƴan uwanta masu bakin EF-M ko da an karya farashi. An daina wannan layin, gilashinsa kuma ba ya hawa masu bakin RF irin su R10. Kada kuma mai shago ya ruɗe ki da megafiksel. 24 da yake da su sun isa a wanke babban hoto. In kuɗi ya rage, EF-S 55-250mm IS STM zai jawo masa dawakai daga bayan taro, sai katin memori 64GB mai alamar V30 daga amintaccen shago, don jabu sun yi yawa.

Tambaya: An yi mini tayin kamara ta hannu da aka kawo daga Kano. Me zan duba kafin in biya?

Amsa: Malam, kada ka biya sai ka ɗauki hoto da ita. Sa f/22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton a kwamfuta ka faɗaɗa. Ɗigo-ɗigon baƙi ƙura ce a kan sansa, wato abin da ke karɓar hoto a cikin kamarar, ana gogewa. Dogon layi kuwa yana iya zama ƙarzuwa, ka bar musu kayansu. Haska tocilan waya ta cikin gilashin: in ka ga wani abu kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce ta damina, kuma yaɗuwa take.

Tambayi yawan hoton da ta ɗauka. Ƙananan kamarori galibi an yi su don kusan 100,000. A Nikon lambar na cikin bayanan kowane hoto, a yawancin Canon sai an jona da kwamfuta. Juya kowane maɓalli, ka leƙa ramin kati ko akwai tsatsa, ka tabbatar da caja ta asali. Ka nemi a ba ka kwana 3 na gwaji a rubuce. Bayan ka saya, a hunturu kada a sauya gilashi a fili. A shiga ɗaki ko mota, a kashe kamarar, a kifar da bakinta ƙasa, sannan a sauya.