Ina son zama mai bincike kan ƙwadago da rashin daidaito: sai na iya lissafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shekarar ƙarshe a digirina na farko, fannin nazarin zamantakewa. Burina in zama malamar jami'a mai bincike kan manufofin walwalar jama'a, ƙwadago, da giɓin da ke tsakanin masu hali da marasa hali. Ta ina zan fara? Kuma dole ne sai na iya lissafi? Don gaskiya ni da shi ba ma ga maciji.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Bari in fara da lissafin, tunda shi ne ya tsaya miki a rai. Ba sai kin zama gwanarsa ba, amma ƙididdiga kam sai kin daure kin koya, ko don kada a yi miki rufa-ido da alƙaluma.

Ga misalin yadda aikin yake. A watan Afrilun 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa, maƙwabciyarta Pennsylvania kuwa ba ta taɓa nata ba. Masana tattalin arziki da yawa a lokacin sun ɗauka cewa da zarar an ƙara albashi, masu kamfani za su rage ma'aikata. Sai wasu masana tattalin arziki biyu, David Card da Alan Krueger, suka tuntuɓi gidajen sayar da abinci sama da 400 a jihohin biyu, kafin ƙarin da kuma bayansa, suna ƙirga ma'aikata. Ba su ga aiki ya ragu a New Jersey ba. Da suka wallafa sakamakon a 1994 an yi ta kai ruwa rana, amma a 2021 Card ya samu kyautar Nobel. Ki lura da tambayarsu: ƙarama ce, kuma akwai wuri biyu da za a gwada. Lissafin da ke zuciyar binciken bai wuce ɗebewa ba, ƙwarewar tana wajen gano abin da za a kwatanta da wani. Yawancin ɗaliban da ke zuwa mini da "dalilan talauci a duniya" nan suke tuntuɓe. Ɓacin rai kan zalunci shi ke kawo mutum fannin, to amma idan alƙaluma suka ƙaryata abin da kike so ya zama gaskiya, dole ki rubuta yadda kika gani.

Akwai kuma inda alƙaluma ba sa kaiwa. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya ce kusan mutum biliyan 2, wato kashi 61 cikin ɗari na ma'aikatan duniya, suna aikin da ba shi da rajista: ba takardar ɗaukar aiki, ba fansho. Irin waɗannan ba za ki same su a kundin biyan albashi ba, sai kin zauna da su kin saurara. Mai iya hira da mutane tana da babban gurbi a nan.

Hanyar kuwa sananniya ce: digiri na biyu, sai digirin digirgir na shekara uku zuwa shida, gwargwadon ƙasa. An yi zamanin da Richard Titmuss, ma'aikacin inshora da bai da ko digiri ɗaya, ya zama farfesan wannan fanni a Makarantar Tattalin Arziki ta Landan a 1950, amma wannan ƙofar ta daɗe da rufewa. Wajen zaɓe, ki fi duba malamin da zai duba aikinki kan sunan jami'ar: shin ɗalibansa suna gamawa, suna kuma wallafawa?

Kada in ɓoye miki, bayan digirgir mutane da yawa kan shafe shekaru a kwantiragi mai gajeren wa'adi, mujallu na dawo musu da maƙala an ce a sake. Abin dariya, mai nazarin aiki maras tabbas shi ma nasa ba tabbas.

A bana, ki sauke manhajar R ta yin ƙididdiga, kyauta ce, ki nemi bayanan wani bincike kan rayuwar iyalai da aka riga aka yi gida-gida, ki gina aikinki na kammala digiri a kan tambaya guda da za ki iya faɗa a jimla ɗaya.